Shanu 30 a hekta 20: za su raya gonar ko za su ƙarasa ta?

"Assalamu alaikum Malam. Muna da gonar gado wajen hekta 20 a Igabi, ta ɓangaren hanyar Zariya. Shekara da shekaru ana noma masara a cikinta, yanzu ta gaji, ko an zuba takin zamani ba ta ba da abin kirki, wani gefen ma ya zama fako. Ina da shanu 30 a hannun wani Bafulatani, na yi niyyar in dawo da su gonar in killace. Na ga ana ta yaɗa wani salon kiwo a intanet, wai ana zagayawa da shanu fegi-fegi, ƙasa ta farfaɗo, a kuma ci riba ba tare da sayen taki ko dusa ba. Shin gaskiya ne? Zai yiwu a ƙasarmu? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a gonar da dukiyar. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko shanu na iya tayar da ƙasar da ta gaji, ko hekta 20 za ta riƙe shanu 30, da kuma ko akwai riba a ciki. Ta farko e. Ta biyu a'a, a halin da gonar take yanzu. Ta uku kuma tana rataye da yadda ka karɓi amsar ta biyu.

Salon da ka gani ba sabo ba ne. Wani masani a Faransa, André Voisin, ya tsara ƙa'idojin kiwon karɓa-karɓa tun a shekarun 1950, daga baya Allan Savory na Zimbabuwe ya yaɗa wani nau'insa a duniya. Mu ma nan muna da namu tun kafin su. Manomi ya kan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, a sallame shi da hatsi. Gonar da ta gaji a bar ta saura. Makiyayi kuma idan ya ci wuri sai ya tashi, ba ya dawowa sai ciyawa ta mayar. Abin da ya lalace shi ne fili ya ƙare, an nome burtali da saura, shanu suka koma cin wuri ɗaya safe da yamma, shekara ta zagayo. Don haka aikin da ke gabanka shi ne ka dawo wa ciyawa da hutun da ta rasa, a cikin iyakar gonarka.

Amma kada ka ɗauki duk abin da ake faɗa a bidiyo. A shekarar 2008 wasu masana kiwo a Amurka sun tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka ga cewa zagayawa da shanu kaɗai ba ta cika fin kiwon sake ba wajen yawan ciyawa ko nauyin dabba. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan dabbobin da aka ɗora wa fili da kuma ruwan sama. Ina tare da su a wannan. Shinge ba ya haifar da ciyawa. Idan bakunan sun fi abincin yawa, ko fegi ɗari ka yanka, fako za ka samu.

Me ke kashe ciyawa

Idan saniya ta ci tushen gamba, tushen zai ciro abincin da ya ajiye a saiwa ya yi sabon toho. Da damina tohon kan fito cikin kwana uku zuwa biyar, kuma shi ne ya fi wa saniya daɗi, don haka idan tana wurin za ta koma masa. An ci shi karo na biyu bai biya abin da ya ara daga saiwa ba, a ci na uku, saiwar ta gajarce, tushen ya mutu. Ciyawa mai daɗi ita ke fara tafiya. Abin da shanu ba sa so, irin su tafasa da kashin yawo da miyar tsanya da tofa, su ke gaje wurin. Inda ƙasa ta tsiraita, ruwan farko ya doke ta, samanta ya yi ɓawo, ruwa ya daina shiga sai dai ya gudu da ƙasar sama. Ka ga asalin fakon da ke gefen gonarka ke nan, sai dai naka garma da ƙona kara ne suka kawo shi.

Saboda haka tsawon zaman shanu a wuri ya fi yawansu a rana ɗaya ɓarna. Saniya biyu da aka bari a hekta guda damina sukutum za su fi lalata ta a kan shanu ashirin da suka yi kwana biyu suka fita, wurin ya huta wata guda da 'yan kwanaki. Masu yawan sun ci sama-sama, sun tattake sauran ya kwanta ya rufe ƙasa, sun bar kashi da fitsari, sun tafi. Wannan tattakakkiyar ciyawa ba asara ba ce. Ita ce abincin gara da tana da sauran ƙwarin da ke huda ƙasa, ita ce kuma ke tare zafin rana da dukan ruwa.

Lissafin baki da abinci

A nan nake so mu daɗe, domin a nan mafi yawan masu killace shanu ke faɗuwa. Masana kan yi lissafi da saniya mai kilo 250. Irin wannan tana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta a rana, wato kilo 6 da 'yan kai, a shekara kusan tan biyu da kwata. Shanunka 30 ba duka manya ba ne, akwai maruƙa da karsana, don haka mu ƙaddara su daidai da manya 22. Abincinsu a rana kusan kilo 140 ke nan, a shekara ya haura tan 50.

Yanzu gonar. Ruwan jihar Kaduna ba laifi, daga kusan milimita 1,000 a wajen Zariya zuwa sama da haka sosai a kudu, amma duk yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Ƙasar da masara ta gajiyar, idan aka bar ta, da wuya ta ba da fiye da tan 2 na busasshiyar ciyawa a hekta a shekarun farko. Ko gonar duka ka mayar makiyaya, tan 40 ke nan. Kuma ba duka za a ci ba: rabi dole ya zauna don saiwa da rufin ƙasa, gara ma za ta ɗebi nata. Abin da zai shiga cikin shanu bai wuce tan 20 ba, kai kuma kana neman 50.

Kada ka tsaya a ƙiyasina, auna da kanka. A ƙarshen Satumba ka haɗa sanda huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya su yi murabba'i. Ka jefa shi wuri goma daban-daban a gonar, ba inda ya fi kore kaɗai ba. Kowane wuri ka yanke ciyawar da ke ciki da lauje, ka bar tsawon yatsu huɗu a ƙasa, ka cire tafasa da duk abin da saniya ba ta ci, ka shanya har ta bushe ƙamas, ka auna. Idan matsakaicin awon ya ba ka giram 200, to hektarka tana da tan 2. Idan 350 ne, tan 3 da rabi. Raba biyu, shi ne abincin da kake da shi.

Shawarata, ka fara da abin da ya yi daidai da manya 12, wato kai 15 ko 16: shanu mata takwas masu haihuwa, bijimi ɗaya, sauran ƙanana. Ragowar ko su ci gaba da zama hannun makiyayinka, ko ka sayar da guzuma da duk saniyar da ta shekara uku ba ta haihu ba, kuɗin su yi maka rijiya da shinge da iri. Na san wannan ita ce maganar da ta fi ɗaci, domin a wurinmu rage garke kamar raguwar daraja ne. Amma saniyar da ke ci ba ta haihuwa abincin mai haihuwa take cinyewa.

Yadda za ka raba gonar

Kada ka mayar da ita makiyaya duka. Ka ware kimanin hekta 12 ta kiwo, 5 ta noma, 3 ta rumbun ciyawa na rani, wato filin da za a shuka ciyawa a killace, ba a ci sai da rani. Hekta 12 ɗin ka yanka ta fegi 12, shanu su yi kwana uku a kowane. Kafin su zagayo, kowane fegi ya huta kwana 33. Wannan ya dace da Yuli da Agusta lokacin da ciyawa ke gudu. Daga ƙarshen Satumba girma na ja baya, sai ka tsawaita hutun zuwa kwana 50 ko 60, ka cike giɓin da abin da ka yanka. Ba kalanda za ka bi ba, ciyawar za ka duba. Gamba a shige ta idan ta kai gwiwa ko cinya, a fita tana da saura kamar taƙi ɗaya. Idan ka ga shanu sun fara cin ƙasa-ƙasa tun kwana na biyu, fitar da su, kada ka jira na uku. Idan kuma ciyawa ta fi ƙarfinsu a tsakiyar damina, ka tsallake fegi biyu ko uku ka yanke su ingirici kafin su fitar da kai, domin da zarar ta yi fure ta zama kara, amfaninta ya ragu. Kowace shekara ka bar fegi ɗaya ya zubar da iri, ka riƙa sauya wanda aka bari.

Lokacin da aka fi yi wa makiyaya illa shi ne farkon damina. Ruwa ya sauka a Mayu, ƙasa ta yi kore shar, shanu sun sha wuyar rani, kowa na ɗokin ya sake su. Wannan tohon daga ajiyar saiwa ya fito kacokan, kuma yawancinsa ruwa ne, shi ya sa suke zawo a kansa. Riƙe su a wuri guda da ka sadaukar, ka ci gaba da ba su busasshen abinci mako uku ko huɗu, har ciyawa ta kai taƙi guda da rabi. Wanda bai tanadi abincin waɗannan makonni ba, tsarin nasa ya rushe tun ba a fara ba. Da marka kuma ka kawar da su daga laka da gefen fadama, domin kofato a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yumɓu daddanne ta yake yi.

Batun shinge, kewayen gonar ne ke bukatar mai ƙarfi, saboda shanun wasu da kuma gonakin maƙwabta. Turakun katako gara na cinye su, don haka ka dasa shinge mai rai a jikinsu tun shekarar farko, kamar bini-da-zugu ko aduruku. Rabe-raben ciki ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Akwai waya mai lantarki da ke aiki da hasken rana, zare ɗaya a tsayin ƙirjin saniya ya isa, ana naɗe shi a matsar. Abu biyu ke sa ta ƙi aiki a nan. Na ɗaya, da rani ƙasa ta bushe, wutar ba ta kamawa sosai, sai an kafa ƙarafan ƙasa biyu ko uku masu tsawo a wuri mai laima ana zuba musu ruwa. Na biyu, ciyawa mai tsawo da ke taɓa zaren tana shanye wutar. Sannan shanun da ba su san ta ba sai an koya musu kwana biyu ko uku a cikin shinge mai ƙarfi, in ba haka ba Bunaji guda zai sa ƙaho ya kwashe ta. Idan babu halin wannan, makiyayi mai hankali da sandarsa da turakun alama zai yi aikin.

Ruwan sha ka lissafa lita 30 ga kowace babba a rana, a Maris da Afrilu har 40, wato garkenka na bukatar wajen lita 500. Mashaya guda da ba ta motsi ta kan zama fako da kwatami. Rabin duro uku ko huɗu da tiyo, ana matsar da su tare da shanu, sun fi.

Tayar da fakon da gonar masara

Makamin da ya fi kowane a hannunka shi ne mashekari mai tashi. Shanu kan zubar da kusan rabin kashinsu da fitsarinsu a inda suka kwana. Maimakon su shekara a turke guda taki ya taru rana na ƙona shi, ka yi musu makwanci mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, ka matsar da shi bayan kowane kwana uku. A wata shida na rani za ka taki fili da ya haura rabin hekta, da taki mai kauri kamar tan huɗu zuwa biyar a hekta, har da fitsarin, wanda shi ke ɗauke da kaso mai yawa na naitirojin, sinadarin da takin yuriya ke ba shuka, kuma shi ne ke salwanta idan kwasar taki ake yi da amalanke. A kan fako, ka fara shimfiɗa kara ko ciyawa kafin su kwana, kofato ya fasa ɓawon, gara ta zo ta huda. Da ruwan farko ka watsa irin ciyawa a wurin.

Lura da lissafin nan da kyau: rabin hekta a shekara. Kafin mashekari ya zagaye hekta 5 ta noma an yi shekara takwas ko fiye. Ga kuma gaskiyar da masu bidiyo ba sa faɗa. Saniya ba ta ƙirƙirar taki, kwaso shi take daga inda ta ci ta kai inda ta kwana. Idan daga gonarka ta ci, ta zubar a gonarka, ka dai matsar da abin daga wannan gefe zuwa wancan. Sabon naitirojin yana shigowa ne ta hanyar dangin wake, masu kama shi daga iska ta ƙulallan saiwarsu. Fosfaras kuwa, wanda ƙasar yankinmu ke da ƙarancinsa, babu shukar da ke ƙirƙiro shi, sai an saya. Don haka takin zamani zai ragu, musamman yuriya, amma takin supa, mai ɗauke da fosfaras, ba za ka rabu da shi da wuri ba. Ka kai samfurin ƙasarka ɗakin gwaji na cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru kafin ka sayi ko buhu ɗaya.

A hekta biyar ɗin ka daina bin masara da masara. Ka riƙa juyawa da waken suya ko gyaɗa ko wake, wanda hakan na rage wuta-wuta ma. A cikin masara, bayan mako huɗu zuwa shida da shuka, ka shuka lablab, wani dangin wake mai yaɗo da ake yin harawa da shi, a tsakanin kunya, kilo 15 zuwa 20 a hekta. Idan ka shuka shi tare da masarar rana ɗaya zai hau ta ya danne. Yana zama kore bayan an cire masara, sai a yanke shi yana fara fure, a shanya a inuwa don kada ganyen ya kakkaɓe, ganyen shi ne abincin. Karan masara ka kwashe kashi biyu cikin uku ka ɗora a rumfa, ka bar kashi ɗaya a kwance a gona. Kada a ƙona komai.

Rani shi ne alƙali

Ciyawar daji da ta bushe a tsaye, sinadarin gina jikin da ke cikinta kan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, alhali tumbin saniya na bukatar kusan kashi 7 kafin ya narka abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga saniya cikinta cike da kara tana ramewa. Abin da ta tara da damina ta zubar da rani, shekara ta zagayo tana nan inda take.

Maganin wannan a jiharmu aka gwada shi. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta yi aiki da Fulani mazauna yankin Kachia a kan rumbun ciyawa: fili kamar hekta huɗu a killace, a shuka sitailo, wata ciyawa dangin wake, a hana shi da damina, da rani a riƙa sa shanu na 'yan sa'o'i a rana. Hanyar shukar mai sauƙi ce. Shanu su kwana a wurin su tattake shi, a jiƙa irin a ruwan zafi na 'yan mintoci saboda ɓawonsa na da tauri, a gauraya da takin supa kamar buhu biyu zuwa uku a hekta, a watsa kilo 10 na iri a hekta idan ruwa ya zauna. Da farkon damina ciyawar daji kan riga sitailo tashi, sai a sa shanu su ɗan rage ta, a fitar da su da zarar sun fara kai baki ga sitailon. Abin da ya kashe rumbuna da yawa a wancan lokaci sananne ne: gobara, rushewar shinge, da barin ciyawa ta danne shukar. Ka nemi iri da shawara a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kuma kowane iri ka saya ka gwada tsirar ƙwaya ɗari a tire kafin ka watsa, domin irin gamba musamman ya kan zo da ƙaiƙayi da yawa. Gamba ma ta fi kamawa idan tushenta aka tsaga aka dasa a Yuli.

Rumbun ba na kowa ba ne. Masu shayarwa da masu ciki da maruƙan da aka yaye su ne ke shiga, sa'a biyu zuwa uku a rana, daga Janairu. A fita da saura a ƙasa don iri ya zuba. Idan ka haɗa hekta uku na sitailo da harawar lablab da karan masara, a ƙiyasi za su kai garken 16 har ruwa ya sauka, da ɗan ragowa. Ka ƙara musu gishiri da kanwa, masu tatsa kuma kilo guda na ƙulin auduga a rana idan sun fara zubewa. Itatuwan da ke gonar, gawo da kawo da maɗobiya da maɗaci da kalgo, kada gatari ya taɓa gindinsu, ganyensu da 'ya'yansu abincin bazara ne. Sassabe reshe kaɗan ake yi, ba a yi wa itace aski.

Tun Oktoba ka share hanyar wuta mai faɗin mita huɗu ko biyar a kewayen gonar da kewayen rumbun. Busasshiyar gamba wuta take ci kamar fetur, kuma yaro guda mai farautar gafiya ya isa ya ƙone maka aikin shekara. Hattara kuma da tohon dawa da ke fitowa bayan girbi, yana da guba mai kashe saniya nan take, haka ɗanyen lablab idan mayunwaciyar saniya ta cika ciki da shi yana kawo kumburi.

Lafiyar garke

Matsar da shanu duk kwana uku na rage tsutsar ciki, domin ƙwan da ke cikin kashi na bukatar kwanaki kafin ya zama tsutsar da ke kama dabba, kafin nan sun bar wurin. Kaska kuwa hutun wata guda ba ya kashe ta, sai an ci gaba da cirewa da feshi, in ba haka ba kirci zai biyo baya da damina. Fadama da ruwan kwance su ne gidan ciwon hanta. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji a yi shi duk shekara ta hannun likitan dabbobi, allurar tana fitowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom. Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: allurar ibamektin, ta maganin tsutsa da kaska, da ake yi barkatai tana fita a cikin kashi ta kashe buzuzu, alhali buzuzu ne ke binne takin a ƙasa. A yi ta ga dabbar da ke bukata, ba garke duka kowane wata ba. Idan ka ga kandilo na wata biyu a fili da damina bai ruɓe ba, ƙwarin ƙasarka sun yi ƙaranci.

Ina ribar take

Ba a shekarar farko take ba, ba kuma a ta biyu ba. Waɗannan shekarun kashewa ne: rijiya, shinge, iri, supa. Ribar tana zuwa ta ƙofofin da ba a cika kallo ba. A kiwon gargajiya saniyar Bunaji kan haihu kusan sau ɗaya a shekara biyu, karsana kuma sai ta kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, kuma yunwar rani ce babban dalili. Shanu mata takwas a haka maruƙa huɗu ne a shekara. Idan abincin rani ya sa tazarar ta dawo wata 15, maruƙa shida ne da ɗoriya daga uwaye takwas ɗin nan, ga ƙarin nono, ga raguwar mutuwar maruƙa. Sai kuɗin dusa da harawa da ba ka saya a Afrilu lokacin da suka fi tsada ba, da buhunan yuriya da suka ragu a gonar masara. Sannan wanda ke da abinci a rumbu shi ke zaɓar ranar sayarwa. Mai yunwa yana kai ramammiyar saniya Zangon Tudun Wada ko kasuwar Anchau a bazara, dillali ya yi mata kuɗin da ya ga dama, kai kuwa kana iya riƙe bajimai biyu ka turke su wata uku kafin Babbar Sallah.

Kada ka fara da shanun Turawa ko ruwa-biyu. Suna bukatar abinci da magani da gonarka ba ta kai ba tukuna, Bunaji da Bokolo sun san wahalar ƙasar nan. Masu zuwa da zancen za a biya ka kuɗin iskar kabon da ƙasarka ta adana, ka saurare su, amma kada ka sa wannan a lissafinka. Ƙaruwar ruɓaɓɓen taki, wanda shi ke riƙe kabon ɗin, a cikin ƙasa mai zafi irin tamu a hankali take, gara da rana na cinye shi da sauri, kuma auna shi a hekta 20 na da tsada.

Abin da za ka iya aunawa da kanka ya ishe ka. Ka kafa turaku biyar a wurare daban-daban, duk ƙarshen Satumba ka tsaya a kowane ka ɗauki hoto ta fuska ɗaya. Ka samu gwangwanin tumatir babba ka fasa gindinsa, ka kafa shi a ƙasa zurfin yatsu biyu, ka zuba ruwa kofi guda ka duba minti nawa ya ɗauka kafin ya shige, ka rubuta. Idan mintocin na raguwa shekara bayan shekara, tsiraicin ƙasa na rufewa, gamba da kyasuwa na korar tafasa, to ka ƙara saniya biyu. Idan ba haka ba, kada ka ƙara ko ɗaya.

Akwai abin da wannan tsari ba ya magancewa. Inda zaizaya ta kwashe ƙasar sama har marmara ta fito, ko kwari ya tsage, kofato da kashi ba za su isa ba, sai an yi kunyar tare ruwa da jeren duwatsu tukuna. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dole ka rage baki tun Nuwamba, kafin farashi ya faɗi. Tsaro kuma ka fi ni sanin halin yankinku. Shanun da ke kwana a fili a mashekari mai tashi sun fi fuskantar ɓarayi, don haka idan wurin ba lafiya, su kwana kusa da gida, a shimfiɗa musu kara ya tsotse fitsari, a kwashe zuwa gona kafin shuka.

Sai makiyayinka. Shi zai matsar da shanun nan duk kwana uku, da ruwa da rana, kai kana cikin gari. Mutumin da ya saba bin dawa ba zai ga dalilin hana shanu koren fegin da ke gabansu ba sai an zauna da shi an yi bayani, kuma sau da yawa ya fi ka sanin wace ciyawa ce ke sa nono, don haka ka saurare shi wajen yanka fegin. Ku yi yarjejeniya a gaban shaidu: albashinsa, rabonsa na nono, da wani kaso a kan kowane maraƙin da ya kai yaye da rai. Ka ba shi littafi ko ka sa ya riƙa turo maka saƙon murya ta WhatsApp duk ranar da aka sauya fegi, da lambar fegin da tsawon ciyawar da aka bari. Ka kuma sanar da mai unguwa da ardon yankin tun kafin ka kafa turken farko, musamman idan akwai burtali ko hanyar mashaya da ta ratsa gefen gonar, ka bar ta a buɗe.